Babi na Huɗu: Mudun Awon Talauci

A ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, lokacin da makarantun gwamnati a Amurka ke dawowa daga dogon hutu, akwai wata takarda da ake cusa wa yara a jaka su kai gida. Ba ta da wani kwarjini. Shafi ɗaya ce ko biyu, tana tambayar mutum nawa ne a gidan, nawa kowa ke samu a mako ko a wata, sai wurin sa hannu a ƙasa. Fom ne na neman abincin rana kyauta. Amma a unguwannin talakawa, shugaban makarantar firamare yakan bi wannan takarda kamar mai bin bashi. A buga wa iyaye waya, a tare su a bakin ƙofa da safe, a fassara ta zuwa Sifaniyanci da Larabci da sauran harsunan baƙi, wani lokaci har a sa ɗan tukwici ga ajin da ya riga kowa dawo da nasa.

Abin da ya sa ake wannan fafutuka ya wuce maganar abinci. Shekaru da dama, yawan yaran da suka cancanci cin abinci kyauta ko cikin rangwame shi ne mudun da ake auna talaucin makaranta da shi. Da wannan adadi ake tantance makarantar da za ta samu tallafin gwamnatin tarayya da wadda za a tsallake, da wadda za a ƙara wa malamin koyar da karatu da wadda za a ce ta yi haƙuri. Fom ɗaya da ya ɓace a ƙasan jaka tsakanin fensir da ɓawon lemo, yaro ɗaya ke nan da ya fita daga lissafi, da kuɗinsa.

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwa ya san cewa ba farashi kaɗai ake tambaya ba, har da mudun da za a auna. Wani an bubbuga gindinsa, wani an kankare bakinsa. Makarantun talakawa a Amurka sun sha fama da matsala iri biyu a lokaci guda: ana rage buhun da za a raba, ana kuma sauya mudun rabon.

Arzikin unguwa, rabon makaranta

Baƙo zai ɗauka cewa a ƙasa mai ƙarfin tattalin arziki kamar Amurka, gwamnatin tarayya ce ke riƙe da makarantu. Ba haka abin yake ba. A shekarun da babu wani tallafin gaggawa, abin da ke fitowa daga Washington bai cika kai dala ɗaya cikin kowace goma da ake kashewa ba. Sauran kuɗin ana raba nauyinsa kusan daidai tsakanin gwamnatocin jihohi da gundumomin makarantu, waɗanda yawansu ya kai kimanin 13,000. Su kuwa gundumomin, babbar hanyar samunsu ita ce harajin gidaje da filaye da shagunan da ke cikin iyakarsu. Inda gidaje ke da tsada, makaranta na cikin wadata. Inda darajar gidaje ta faɗi, makaranta ta faɗi tare da su.

Wani ma'aikacin ƙarfe mai suna Demetrio Rodriguez, tsohon soja, ya kai wannan tsari kotu a 1968. 'Ya'yansa na karatu a gundumar Edgewood da ke birnin San Antonio a jihar Texas, inda kusan tara cikin goma na ɗalibai 'yan asalin Meziko ne. Alƙaluman da aka gabatar a shari'ar sun isa bayani. Mutanen Edgewood na biyan haraji dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar kadarorinsu, amma abin da hakan ke tara wa kowane ɗalibi a shekara dala 26 ne kacal. A Alamo Heights, unguwar masu hali a cikin birnin guda, harajin santi 85 ne a kan dala 100, yana kuma tara wa kowane ɗalibi dala 333. Ko bayan an haɗa da kuɗin jiha da na tarayya, ɗan Edgewood na samun dala 356, ɗan Alamo Heights na samun 594. Talaka ya fi matse kansa, ya kuma fi tashi da kaɗan.

A watan Maris na 1973 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, cewa kundin tsarin mulkin tarayya bai lissafa ilimi cikin haƙƙoƙi na asali ba, don haka tsarin Texas bai saɓa masa ba. Mai shari'a Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun, ya rubuta doguwar adawa, amma ƙofa ta riga ta rufe. Daga nan rigimar ta koma kotunan jihohi, kowace da nata kundin. A Texas sai a 1989 iyayen Edgewood suka yi nasara, lokacin yaran da aka fara ƙarar dominsu sun daɗe da barin makaranta.

Malamin Cotulla da 'yar lissafi

Tallafin tarayya da aka ƙirƙira domin rage wannan tazara ya samo tushe daga wani ƙaramin gari a kudancin Texas. A 1928 wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Lyndon Johnson ya dakatar da karatunsa na kwalejin malamai saboda rashin kuɗi, ya karɓi aikin koyarwa a makarantar Welhausen da ke Cotulla. Ɗalibansa 'ya'yan leburorin gona ne 'yan asalin Meziko, da yawansu na zuwa aji ba su karya kumallo ba. Bayan ya zama shugaban ƙasa ya sha ambaton waɗannan yara a jawabansa. Ranar 11 ga Afrilu, 1965, ya zauna a gaban tsohuwar makarantar ƙauye mai aji ɗaya da ya fara karatu a cikinta kusa da Stonewall, malamarsa ta farko Kate Deadrich Loney na gefensa, ya sa hannu a kan dokar ilimin firamare da sakandare. Sashen farko na dokar, wanda har yau Amurkawa ke kira Title I, ya ware kimanin dala biliyan 1 domin makarantun da 'ya'yan talakawa suka yi yawa. A 2023 kuɗin ya haura dala biliyan 18.

Sai dai kafin a raba wa talaka, dole a san wane ne talaka. Amsar ta fito daga teburin wata ma'aikaciya a hukumar fansho da tallafin jama'a, Mollie Orshansky, 'yar baƙin Yahudawa da suka yi hijira daga yankin Yukiren, wadda ita kanta ta tashi cikin rashi a birnin New York. A 1963 ta ɗauki jadawalin abinci mafi araha da Ma'aikatar Aikin Gona ta tsara, irin wanda iyali za su lallaɓa da shi idan aljihu ya bushe. Ta kuma duba wani bincike na 1955 da ya nuna cewa iyali mai mutum uku ko fiye na kashe kusan sulusin kuɗinsa a kan abinci. Sai ta ninka kuɗin abincin sau uku. Ga iyali mai mutum huɗu, lissafin ya tsaya a kimanin dala 3,100 a shekara. Wanda bai kai nan ba, talaka ne. A 1969 gwamnati ta mayar da wannan layi ma'aunin hukuma.

Tun daga lokacin, abin da ake yi wa layin shi ne a ɗaga shi kowace shekara daidai da hauhawar farashi. Ginshiƙin lissafin bai canza ba, duk da cewa rayuwa ta canza. Yanzu abinci na cin kimanin kashi 13 cikin ɗari ne na abin da gida ke kashewa, kuɗin haya da magani da renon yara su ne ke cinye albashi. Layin kuma ɗaya ne a jihohi 48, in ban da Alaska da Hawaii. Iyalin da ke biyan haya a unguwar Bronx ta New York, inda Hausawan Ghana da Nijar da yawa suka yi zango suna kai 'ya'yansu makarantun gwamnati, da iyalin da ke ƙauyen Mississippi inda haya ba ta kai rabin wannan ba, da mudu guda ake auna su. Hukumar Ƙidaya ta san da wannan. Tun 2011 take fitar da wani ma'auni na biyu mai la'akari da tsadar muhalli da tallafin da mutane ke karɓa, amma ana amfani da shi wajen rahoto ne, ba wajen rabon kuɗin makarantu ba.

Shi kuwa abincin makaranta ya girmi duk wannan. Shugaba Harry Truman ne ya sa hannu a kan dokarsa a 1946, bayan hafsoshin soja sun koka cewa samari da yawa da aka kira aikin soja a yaƙin duniya na biyu an mayar da su gida saboda larurorin da ke da nasaba da rashin abinci mai gina jiki. Daga baya aka jingina cancantar cin abincin kyauta da layin Orshansky. Iyalin da samunsa bai wuce kashi 130 cikin ɗari na layin ba, 'ya'yansa za su ci kyauta. Daga nan zuwa kashi 185, za su ci cikin rangwame, ba fiye da santi 40 ba. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, layin talauci ga gida mai mutum huɗu dala 30,000 ne, don haka iyakar kyauta ta tsaya a dala 39,000, ta rangwame a dala 55,500.

Matakala mai gefe kaifi

Babu wanda ya tsara fom ɗin abinci domin ya zama ma'aunin ilimi. Ya zama hakan ne saboda shi ne a hannu. Hukumar Ƙidaya na iya ƙiyasta yawan yara matalauta 'yan shekara 5 zuwa 17 a kowace gunduma, kuma da wannan ƙiyasi ne Washington ke raba kuɗin Title I. To amma ƙiyasin bai sauka zuwa makaranta ɗaya-ɗaya ba. Idan kuɗin ya iso hedikwatar gunduma, sai jami'ai su jera makarantunsu daga mafi talauci zuwa ƙasa, kuma abin da galibinsu ke jerawa da shi shi ne adadin masu cin abinci kyauta da na rangwame.

A kan wannan jeri doka ta kafa matakai. Makarantar da talaucinta ya wuce kashi 75 cikin ɗari, dole a fara da ita. Wadda ta kai kashi 40 na da damar kashe kuɗin a kan makarantar baki ɗaya, maimakon ware wasu yara kaɗan. Ƙasa da nan, sai yadda gunduma ta ga dama da kuma yadda kuɗin ya isa, kuma a manyan birane kuɗin kan ƙare tun ana sama, ta yadda makarantar da shida cikin goma na ɗalibanta talakawa ne za ta iya tashi hannu rabbana. Jihohi ma sun ɗora nasu matakan. A dokar da gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a California a 2013, kowane ɗalibi matalauci ko mai koyon Turanci ko wanda ke hannun riƙo na jawo wa gundumarsa ƙarin kashi 20, sannan akwai wani ƙari mai tsoka da ba ya farawa sai irin waɗannan ɗalibai sun wuce kashi 55 na gundumar.

A makarantar firamare mai yara 400, kowane yaro huɗu kashi ɗaya ne cikin ɗari. Iyalai biyar ko shida da suka ƙi cika fom, ko suka ƙaura saboda an ƙara musu haya, sun isa su sauko da makaranta daga wannan mataki zuwa na ƙasa. Abin da ake rasawa kuma ba lamba ce a takarda ba. Malamar da ke zama da yara biyar-biyar tana koya musu haɗa baƙi ce, ko darasin bayan tashi, ko ma'aikacin da ke jin harshen iyaye.

Mudun yana da aibu ta ɓangare biyu. Yana haɗa yaron da ke kwana a mota da iyayensa da yaron da mahaifinsa ke samun dala 50,000 a rukuni guda. Shi ya sa a 2013 alƙaluma suka nuna cewa kashi 51 na ɗaliban makarantun gwamnati a faɗin ƙasar sun cancanci abincin kyauta ko rangwame, kashi 71 a Mississippi, alhali ma'aunin hukuma na cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar ne ke cikin talauci. A ɗaya ɓangaren kuma yana zubar da waɗanda kunya ko tsoro ko rashin iya karatu suka hana iyayensu sa hannu.

Ranar da aka canza mudu

A watan Disamba na 2010 shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan sabuwar dokar abincin yara, wadda uwargidansa Michelle ta yi wa kamfe. A cikinta akwai wani tanadi mai farin jini: makarantar da talakawa suka yi yawa a cikinta za ta iya ciyar da kowa kyauta, ba fom, ba bashin abinci, ba yaron da za a nuna a layi. An gwada shi a jihohin Illinois da Kentucky da Michigan a 2011, ya game ƙasa a 2014. Maimakon fom, sai kwamfuta ta haɗa rajistar makaranta da rajistar gwamnati ta masu karɓar katin tallafin abinci da tallafin kuɗi na iyalai, a ƙara da yara marasa matsuguni da waɗanda ke hannun riƙo. Idan waɗanda aka gano ta wannan hanya sun kai kashi 40, makaranta ta cancanta. A 2023 aka sauko da shi zuwa kashi 25. Masu tsara dokar sun san cewa wannan hanya ba ta kama kowa, don haka wajen biyan kuɗin abinci ake ninka adadin da 1.6.

Ta fuskar ciki, gyaran ya yi kyau. Ta fuskar ƙidaya kuwa, an fasa tsohon mudu ba a ƙera wanda ya kai shi ba. Jihar Massachusetts ta koma sabon ma'auni a 2015, kuma cikin shekara guda yawan ɗaliban da takardunta ke kira marasa ƙarfi ya sauko daga kimanin kashi 38 zuwa kimanin kashi 26. Babu wata masana'anta da aka buɗe, babu albashin da aka ninka. Garuruwan da suka fi jin jiki su ne irin su Chelsea da Lawrence, inda baƙi suka cika makarantu.

Dalilin a fili yake. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982, yaron da ba shi da takardar izinin zama na da haƙƙin shiga makarantar gwamnati, kuma fom ɗin abinci ba ya tambayar takardun kowa. Katin tallafin abinci kuwa yana tambaya. Baƙin haure ba su cancanta ba, dokar 1996 ta sa yawancin manya masu izinin zama jiran shekara biyar, kuma iyaye da dama da 'ya'yansu haifaffun Amurka ne, waɗanda doka ta ba su haƙƙin karɓa, na gudun duk wani ofishin gwamnati don kada garin neman gira a rasa ido. Tsoron ya ƙaru a 2019 lokacin da gwamnatin Donald Trump ta fitar da ƙa'idar da ta ba jami'an shige da fice damar ɗaukar karɓar tallafi a matsayin hujjar hana izinin zama na dindindin.

Birnin Baltimore ya shiga tsarin ciyar da kowa a 2015. Da aka fara jera makarantu da sabon adadi, waɗanda ke kudu maso gabashin birnin, inda iyalai daga Amurka ta Tsakiya suka taru, sai suka wayi gari a takarda kamar sun yi arziki. Wasu suka faɗo daga jerin Title I, suka rasa kuɗin da suke ɗaukar ƙarin malamai da shi, a daidai lokacin da ajujuwansu ke cika da yaran da ba su jin Turanci. Massachusetts ta gyara nata a dokar 2019, wadda ta yi alƙawarin ƙarin dala biliyan 1.5 cikin shekara bakwai, ta kuma mayar da ma'auninta kan kashi 185 na layin talauci. Wasu jihohi suka ƙirƙiro sabon fom na bayyana kuɗin shiga. Shugabannin makarantu suka koma bakin ƙofa, sai dai yanzu aikin ya fi wuya, domin uwar da ta san ɗanta zai ci abinci ko ta cika ko ba ta cika ba, ba ta ga dalilin faɗa wa hukuma sirrin aljihunta ba.

Lokacin zaftare kasafi

Duk wannan lissafin rabo ne. Shi kansa buhun ya motse bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008. Jihohi na dogara da harajin albashi da na cinikayya, waɗanda ke faɗuwa nan take idan mutane suka rasa aiki, kuma kusan dukkansu doka ta hana su kasafi mai giɓi. Cikin 'yan shekaru makarantun gwamnati suka rasa ma'aikata kimanin 300,000. Har zuwa 2015, jihohi 29 na ba makarantu ƙasa da abin da suke bayarwa kan kowane ɗalibi a 2008, idan aka cire hauhawar farashi. A watan Maris na 2013 rikicin kasafi tsakanin majalisa da fadar shugaban ƙasa ya jawo yankan bai-ɗaya na kusan kashi 5 a shirye-shiryen tarayya, Title I na ciki, shirin renon yara 'yan ƙasa da firamare na Head Start kuma ya rasa gurbi kimanin 57,000.

Yankan bai-ɗaya na kama da adalci, har sai an duba wa ya dogara da wa. A ɗauka gunduma mai arziki na samun dala 2,000 kan kowane ɗalibi daga jiha, sauran daga harajin gidajenta, matalauciya kuma na samun dala 8,000. Idan jiha ta rage wa kowa kashi 10, ta farko ta rasa dala 200, ta biyu ta rasa 800. Ta farko za ta iya ɗaga haraji kaɗan ta cike, ko ƙungiyar iyaye ta shirya liyafar tara kuɗi. Jihar Illinois ta yi shekaru tana irin wannan yanka, a wasu shekarun tana biyan kimanin kashi 89 na abin da lissafinta ya ce ta biya, kafin ta sake tsarin gaba ɗaya a 2017. Sallamar malamai ma ta bi wannan hanya. Ƙa'idar da aka saba ita ce wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, kuma sababbin malamai a makarantun talakawa suka fi yawa. A Los Angeles sai da aka je kotu a 2010 bayan wasu makarantun unguwannin talakawa sun rasa rabin malamansu ko fiye, alhali wasu makarantun birnin ba su ji komai ba.

Shekarar 2013 ta fi muni a birane biyu. Hukumar makarantun Chicago, ƙarƙashin magajin gari Rahm Emanuel, ta rufe makarantu kimanin 50 a lokaci guda, kusan dukkansu firamare, ta watsa yara wajen 12,000 waɗanda mafi yawansu baƙaƙen fata ne daga kudanci da yammacin birnin. A Philadelphia, bayan jihar Pennsylvania ta zaftare ɗaruruwan miliyoyin daloli daga kasafin ilimi a 2011, gundumar ta fuskanci giɓin dala miliyan 304. Ta rufe makarantu sama da 20, ta aika wa ma'aikata kusan 3,800 takardar sallama: mataimakan shugabanni, sakatarori, masu ba ɗalibai shawara, masu lura da yara lokacin tara. Tun kafin nan an rage ma'aikatan jinya fiye da 100, har ya zamana nas ɗaya na zagaya makarantu biyu ko uku a mako. A watan Satumba na wannan shekara wata yarinya 'yar shekara 12 mai ciwon asma ta fara rashin lafiya a makarantarta ta firamare a ranar da babu nas, ta rasu bayan an kai ta gida. Kusan shekara goma bayan haka, a Fabrairun 2023, wata kotun jihar ta yanke hukuncin cewa tsarin rabon kuɗin makarantun Pennsylvania ya saɓa wa kundin tsarin mulkin jihar.

A Oklahoma, kusan gunduma ɗaya cikin biyar ta koma karatun kwana huɗu a mako domin rage kuɗin mai da wuta, da kuma riƙe malaman da ke tsallakawa Texas neman albashi mai gwaɓi. A watan Afrilu na 2018 malaman jihar suka ajiye alli suka cika harabar majalisa, suna nuna wa 'yan jarida littattafan karatu da suka yayyage. Wani binciken gwamnati na shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 ya gano cewa kashi 94 na malaman makarantun gwamnati na sayen kayan aji da kuɗinsu, matsakaicin dala 479 a shekara.

Tun rahoton James Coleman na 1966, wanda ya nuna cewa halin gida na tasiri a kan sakamakon yaro fiye da kayan makaranta, masu son yanka ke kafa hujja da cewa kuɗi ba ya sayen ilimi. A 2016 masana tattalin arziki uku, Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico, suka bi rayuwar dubban mutanen da aka haifa tsakanin 1955 da 1985, suka kwatanta waɗanda kotu ta tilasta a ƙara wa gundumominsu kuɗi da waɗanda ba a ƙara wa ba. Ga 'ya'yan talakawa, ƙarin kashi 10 na tsawon shekara 12 ya zo da ƙarin kusan rabin shekara na karatu, da albashi mai ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 10, da raguwar yiwuwar zama cikin talauci bayan an girma. Jackson ya sake bin sawun yankan da ya biyo bayan 2008, ya ga sakamakon jarrabawa da shiga jami'a sun ragu a inda aka fi yanka.

Annobar korona ta kawo ɗan sarari. Majalisa ta ware wa makarantu kimanin dala biliyan 190 a zagaye uku, aka raba bisa lissafin Title I, kuma har zuwa tsakiyar 2022 an ba makarantun ƙasar damar ciyar da kowane ɗalibi kyauta. Gundumomi suka ɗauki malamai da masu ba da shawara, suka gyara na'urorin iska. California da Maine suka mayar da ciyar da kowa doka ta dindindin, wasu jihohi suka bi sahu. Wa'adin ƙulla yadda za a kashe kuɗin annobar ya cika ranar 30 ga Satumba, 2024, kuma gundumomin da suka fi samu, wato mafiya talauci, su ne suka fi ganin rami a kasafinsu na gaba.

A watan Yuli na 2025 shugaba Trump ya sa hannu a kan dokar haraji da kasafi da ta tsaurara sharuɗɗan karɓar katin tallafin abinci da inshorar lafiyar talakawa, ta kuma cire wasu rukunan baƙi, har da 'yan gudun hijira, daga cikin masu cancanta. Dokar ba ta taɓa kuɗin Title I ba. Amma waɗannan rajistoci biyu su ne jihohi da dama ke haɗawa da sunayen ɗalibai domin gano matalauta, don haka duk gidan da aka cire daga cikinsu, 'ya'yansa na iya ɓacewa daga lissafin makaranta. Ranar 1 ga Afrilu ake ɗaukar adadin, kuma makarantar da ta shiga tsarin ciyar da kowa na riƙe da nata har shekara huɗu kafin a sake auna ta.